Na Je Bama Neman Sunan Mahaifin Goggo

Tun ina ƙarami nake jin kakana yana cewa "lokacin da muke Bama", ni kuwa duk zatona Bamar Borno yake nufi. Sai da na shiga sakandare na gane wata ƙasa ce can gaba da Indiya, wadda yau ake kira Myanmar, kuma tsohon nan da ya ƙare rayuwarsa yana gadi a Sabon Garin Zariya ya ƙetare teku tun ba a haifi mahaifina ba. Su biyu aka ɗauka soja daga gidanmu a 1942, shi da ƙanensa. A shekarar ce Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, Turawa suka rasa kuzar da suke samu a can, sai suka juyo kan ta Jos, aka shiga ɗiban gwamna ana tura talakawa haƙar kuza ko suna so ko ba sa so. Kakana ya ce dagaci zaɓi biyu ya ba su, ko ramin kuza ko kaki. Sun riga sun ji yadda sanyin Jos ke kashe leburori, suka zaɓi kaki. Shi ya dawo a 1946. Ƙanen bai dawo ba, ga shi ya bar matarsa da ciki. Cikin nan shi ne Goggo, wadda ba ta taɓa ganin mahaifinta ba ko a hoto.

Karatu ya kai ni Maleshiya, wato Malayar nan dai da kuzarta ta jawo mana wannan duka. Wata rana a ƙarshen 2015 muna waya na ce, "Goggo, kin san daga nan zuwa Bama bai kai awa uku a jirgi ba?" Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can sai ta ce, "To ɗan nan, ka je ka gaishe min da shi mana." A lokacin ta haura saba'in. Kuɗin da na tara don sayen sabuwar kwamfuta su na kwasa na nemi biza.

Biza ta fito bayan mako biyu. Na tashi daga Kuala Lumpur da safe a tsakiyar Janairun 2016, tikitin zuwa da dawowa ringit 520, muka sauka Yangon na mayar da agogona baya da awa ɗaya da rabi. Abokai sun gargaɗe ni in zo da dala sabuwa fil, ban ɗauki maganar da nauyi ba sai da mai canji ya ɗaga takardar dala 100 yana duba ta a haske kamar mai duba ƙwai, ya ga alamar ninki guda, ya miƙo min abata. A Wapa ta Kano ko jiƙaƙƙiya ce za a karɓa a rage wani abu. Sauran ya canza min kan kyat 1,300 kowace dala, ya ba ni damin kuɗi da aljihu ya kasa ɗauka.

Motar haya ta kai ni cikin gari kan kyat 8,000. Sitiyari yana dama, ana kuma tuƙi a hannun dama, don sun bar hannun Ingila tun 1970, shekara biyu kafin mu, amma motocin nasu kwancen Japan ne. Babur ko ɗaya ban gani ba, an hana shi a birnin, har kunnena ya riƙa neman ƙarar acaɓa. Maza, har da ma'aikatan ofis, zani suke ɗaurawa, longyi suke ce masa. Mata da yara sun shafa wani garin itace mai kalar ƙasa a kumatu. Ko'ina a gefen titi jan yawu ne, saboda wani ganye da suke naɗe ƙwaya a ciki su tauna, kamar yadda tsofaffinmu ke yi da goro da fure.

Na kama ɗaki marar taga kan dala 25 kusa da wurin bautar Buda da ake kira Sule, a tsakiyar tsohon garin Turawa. Gine-ginen mulkin mallaka a nan sun ninka na Kaduna girma, jan bulo hawa huɗu hawa biyar, gansakuka ta rufe su, bishiyoyi na tsirowa a jikin bango. Yaƙi uku Ingila ta yi kafin ta cinye ƙasar, a 1824 da 1852 da 1885. Abinci bai ba ni wuya ba da zarar na gane cewa duk shagon da aka rubuta 786 a ƙofarsa na Musulmi ne. A ɗaya daga cikinsu na ci shinkafa da kaza da suke kira danbauk, na sha shayi mai kauri da madarar gwangwani kan kyat 300, a kan 'yar kujerar roba da ba ta kai gwiwa ba. Mai shagon dattijo ne, kakanninsa daga Indiya suka zo zamanin Turawa. Da ya ji ni Musulmi ne daga Nijeriya ya ƙi karɓar kuɗin shayin. Da ya ji kuma zan wuce jihar Rakhine sai fuskarsa ta canza, ya matso ya rage murya. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka cire hular nan ka sa a jaka. Ka yi sallarka a ɗaki. Kalmar Rohingya kuwa kada ta fito daga bakinka." Rohingya sunan wata al'ummar Musulmi ce ta jihar Rakhine. Wata biyu ke nan da zaɓen da jam'iyyar Aung San Suu Kyi ta lashe, hotonta har a jikin motocin haya, kowa na murna. Shi kuwa ya nuna min da yatsa cewa a sabuwar majalisar babu Musulmi ko ɗaya.

Shi ya tura ni kabarin Bahadur Shah Zafar, sarkin daular Mughal na ƙarshe. Bayan boren Indiya na 1857 Turawa suka ɗauko shi daga Delhi suka kawo shi Rangun, wato Yangon ta yau, ya rasu a tsare a 1862, suka binne shi suka baje wurin don kada a gane. Sai a 1991 masu haƙa suka tarar da ainihin kabarin. Na sauka matakala zuwa ɗakin da yake, an lulluɓe shi da koren mayafi, ƙamshin turare da furanni ya cika wurin. Ina tsaye sai Lakwaja ta faɗo min a rai, inda aka kai Sarkin Kano Alu bayan 1903, inda kuma Sarkinmu na Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya ƙare kwanakinsa. Sarkin Bama na ƙarshe, Thibaw, shi kuma Indiya aka kai shi ya mutu. Na Indiya a Bama, na Bama a Indiya, namu a bakin Kwara, duk hannu ɗaya ne ya yi rabon.

Washegari na yi shatar mota kan kyat 25,000 zuwa Taukkyan, tafiyar kamar awa ɗaya arewa da birnin. Nan ce maƙabartar sojojin Ingila da ƙasashen da take mulka waɗanda suka mutu a yaƙin Bama. Ban taɓa ganin maƙabarta irinta ba. Ciyawa a aske kamar darduma, kaburbura 6,374 a jere sahu-sahu, kowanne da allon tagulla da shukar fure a gefensa, masu ban ruwa suna ta aiki. Samari da 'yan mata na garin sun mai da wurin wajen hira, suna zaune ƙarƙashin lema suna ɗaukar hoto. Da farko abin ya sosa min rai, daga baya na ga ai su ne ma ke ɗebe wa mamatan kewa, tunda danginsu suna wata duniya.

A tsakiya akwai dogayen ginshiƙan dutse jeri biyu, an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san inda kabarinsu yake ba. Na fara da na Turawa, na wuce na Indiyawa masu yawan gaske, ina tafe ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Sai kawai na ga Rundunar Nijeriya. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Audu, Garba, Musa, Ali, Umaru, Mamman, an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji, kuma a madadin sunan uba sai sunan gari: wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauci, wane Yola, wane Katsina. Ga na Tibi, ga na Ibo, ga na Yarbawa, ga na Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Kamar an kwashe tashar mota ta Kawo an manna a jikin dutse. 'Yan Afirka ta Yamma wajen 90,000 aka kai wannan yaƙi, fiye da rabinsu daga Nijeriya, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunarmu tun zamanin Lugga. Amma kalaman girmamawar da aka rubuta a tsakiyar ginin da Turanci suke, da harshen Bama, da harsunan Indiya uku. Babu Hausa, babu wani harshe na Afirka.

Na sami sunan da nake nema, da Zariya a bayansa. Ina cikin share hawaye na duba ƙasa kaɗan, sai ga shi kuma. Na je wajen littafin rajista da ake ajiyewa a ƙofa, wani ma'aikacin wurin ya taya ni buɗawa, muka tarar mutum uku ne masu suna ɗaya da gari ɗaya, dukkansu a 1944 suka mutu. Abin da zai raba su lambar soja ce, takardar da ke ɗauke da lambar kuwa gara ta cinye ta a akwatin kakana tun ina firamare. Na duba shafukan Turawa na ga an rubuta shekarun mutum, da sunan uwa da uba, da na mata, har da unguwarsu. Namu suna ne da muƙami da lamba da ranar mutuwa, shi ke nan. Wanda ya rubuta bai tambayi ɗan wane ne ba, kuma yau babu wanda za a tambaya.

Na zauna a gindin ginshiƙin na yi wa su ukun addu'a, na isar da gaisuwar Goggo da babbar murya, da Hausa, yadda ta ba ni. Na ce 'yarka tana gaishe ka, ta yi aure, ta haifi takwas, shida na raye, ta je Makka. Na zaga kaburburan Musulmi masu rubutun Larabci a jiki na karanta musu abin da ya sawwaƙa. Direba ya yi ta danna hon, sai da na ƙara masa kyat 5,000.

Da a nan na tsaya da na huta, amma kakana ya sha faɗa mana cewa a bakin kogin Kaladan ƙanensa ya faɗi, kuma a wani gari Myohaung aka gaya masa. Na sayi tikitin ƙaramin jirgi zuwa Sittwe kan dala 110, kuɗin da ya kusa karya ni, don a lokacin dala tana neman naira 300 a kasuwar bayan fage. Sittwe ita ce Akyab ta zamanin Turawa, a bakin teku inda Kaladan ke zubewa. Tun a filin jirgi jami'in shige da fice ya karɓi fasfona ya kwafe komai da hannu a wani babban littafi, ya tambayi masaukina da ranar fitata. Hulata tana cikin jaka.

Garin shiru, kekuna da masu tallan busasshen kifi, iskar teku mai daɗi. A kan babban titi na ga tsohon masallacin Juma'a, gini mai ado da hasumiyoyi, ciyawa ta cinye harabarsa, 'yan sanda na zaune a ƙofa da bindigogi. Tun rikicin 2012 tsakanin mabiya Buda da Musulmi har lokacin da na je ba a sake salla a cikinsa ba. A rikicin nan an raba mutum wajen 140,000 da gidajensu a jihar, akasarinsu Musulmi, aka tara su a sansanoni bayan gari. Unguwa ɗaya ta rage musu a cikin Sittwe, Aung Mingalar, mai mutum kamar 4,000. Na taka har bakinta. Shingen katako ne da waya mai ƙaya a kan hanya, da rumfar 'yan sanda. Ta bayan wayar na hango wani dattijo mai farin gemu da hula irin wadda na ɓoye, yana riƙe da hannun yaro. Muka haɗa ido. Sallama ta zo min har leɓe na haɗiye ta, ɗan sanda ya yi min alama da hannu in juya, na juya. Har yau abin yana damuna. Mu ma mun san rabuwar gari, Kaduna bayan 2000 kogi ya zama iyaka, kowa ya koma cikin nasa. Amma mutumin Rigasa yana ƙetare gada ya je kasuwa, ya je asibiti, ya yi zaɓe. Waɗannan ba sa fita sai da izini da rakiya, kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su ba su da ƙasa.

A ɗaki da dare, bayan na yi salla da murya ƙasa-ƙasa, na yi ta juya abin da na karanta kafin in zo. Wannan wuta tana da saiwa a yaƙin da ya ci mahaifin Goggo. Da Turawa suka gudu gaban Japan a 1942 suka bar Arakan, wato Rakhine ta yau, ba hukuma, aka yi kashe-kashe tsakanin 'yan Rakhine mabiya Buda da Musulmi, Musulmi suka tattara arewa, mabiya Buda suka yi kudu. Ingila ta ɗauki Musulmin aikin leƙen asiri da jagora a daji, da yawan 'yan Rakhine kuma suka karkata wajen Japan da fatan samun 'yanci. Cikin wannan tsaka mai wuya aka jefa samarin Zariya da Bauci, ba su san harshen kowa ba, ba su san abin da ya haɗa su ba. Yaƙi ya ƙare, Bature ya naɗe tabarmarsa, gabar ta zauna. Shekara ɗaya da rabi bayan dawowata, a Agustan 2017, mutum fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladash. Duk sanda aka nuna su a talabijin fuskar dattijon nan nake nema.

Jirgin ruwa mai hawa biyu ya tashi ƙarfe bakwai na safe. An sake rubuta fasfona a bakin gaɓa, na biya dala 10 kuɗin baƙo, aka ba ni kujerar roba a sama. Ƙasa kuwa buhunan shinkafa ne da kaji da kekuna da mata masu kwanduna. Sanyi kamar na hunturu amma ba ƙura, hazo ya kwanta a kan ruwa. Kaladan a nan ya fi Kwara faɗi a Lakwaja, da ƙyar ake hango ɗaya gaɓar. Da rana ta ɗaga sai ga gonakin shinkafa an girbe, tarin bambaro, ɓauna na kiwo kamar shanu yara na bisa bayansu, masunta a ƙananan kwale-kwale. Can arewa duwatsu ne shuɗaye, jere bayan jere. Wajen nan ne, su Kyauktaw da Paletwa, runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta yi yaƙinta.

Labaran da kakana ke ba mu a zaure, waɗanda muke ɗauka ƙari ne irin na mazan jiya, duk sai suka dawo min. Ya ce abinci daga sama ake jefo musu da lema. Gaskiya ne, rundunar nan ta yi watanni ba abin da ke isa gare ta sai ta jirgin sama. Ya ce da adda da diga aka sare dutse aka yi hanyar mota, kuma an yi, mil 75 cikin daji. Ya ce inda alfadari ya kasa hawa, kan mutum ne ke ɗauka. Dalilin da ya sa Turawa suka so sojan Afirka ke nan a wannan daji: kowace runduna tana da dubban 'yan dako, a sa musu kaki, su ɗauki harsashi da sassan igwa da masu rauni a ka, da yawansu ba bindiga a hannu. Ya ba mu labarin matsattsaku da ke shiga takalmi su sha jini har su kumbura, da ruwan da ke yin mako bai ɗauke ba, da zazzaɓi da atini da suka kwantar da mutane fiye da harsashi, da sojan Japan da ke ɗaure kansa a kan bishiya yana jira. A watan Maris na 1944 Japan ta yi musu kwanton ɓauna wajen Kyauktaw suka ja da baya, suka sake dawowa bayan damina. A ɗaya daga cikin biyun nan mahaifin Goggo ya kwanta. Ko mai bindiga ne ko ɗan dako, Goggo ba ta sani ba, ni ma haka.

Na jingina da ƙarfen jirgin ina kallon duwatsun ina karanta Ƙulhuwallahu a zuci. Wata tsohuwa 'yar Rakhine da ke kusa da ni ta ga ban ci komai ba, ta kwance ganyen ayaba ta miƙo min shinkafa mai danƙo da kwakwa, ta yi ta min alama in ci. Na ci, na gode mata da hannu. Na yi ta tunanin ko da hulata tana kaina za ta ba ni. Zuciyata ta fi karkata ga cewa za ta ba ni, kuma haka nake so in ci gaba da zato.

Jirgin ya bar babban kogi ya shiga wani ƙaramin rafi mai lanƙwasa, muka isa Mrauk-U wajen ƙarfe biyu. Ita ce Myohaung, ma'anar sunan tsohon birni. An sake rubuta fasfo. Masauki dala 20, wuta tana zuwa tana ɗaukewa kamar gida, ruwan wanka a bokiti. Abincinsu kifi ne da barkono mai sa hawaye, ko Bayarabe sai ya sha ruwa. Na yi hayar keke kan kyat 2,000, na ɗauki wani saurayi mai jin Turanci ya yi min jagora.

Garin ya ba ni mamaki ƙwarai. Ƙauye ne yanzu, awaki da mata masu tulun ƙarfe a kwankwaso, amma daga 1430 har 1784 babban birnin daula ne da jiragen Turawan Fotugal da Holan ke zuwa ciniki. Wuraren bautarsu na baƙin dutse ne masu kaurin bango kamar ganuwa, a kan kowane tudu akwai ɗaya. Mun shiga Shitthaung, wanda aka ce gumaka 80,000 ke ciki, lungu cikin lungu har sai da na ji numfashina na ɗaukewa. Jagoran nawa da kansa ya gaya min cewa wasu sarakunan garin, duk da suna bin Buda, sun riƙa ɗaukar laƙabin Musulmi, har suna buga kuɗi da kalmar shahada a jiki. Ya faɗa yana alfahari, ni kuwa ina tuna shingen Sittwe.

Bai taɓa jin cewa baƙaƙen fata sun yi yaƙi a garinsu ba. A makaranta an koya musu Japan da Ingila da Aung San, jagoran neman 'yancin Bama kuma mahaifin Suu Kyi, shi ke nan. Na buɗe taswira a waya na ce ya nuna min Kalapanzin, ya nuna wani kogi a arewa. Dalet fa? Ga shi a kudu, rafi ne da ƙauye. An, Tamandu, Letmauk, duk ya nuna su yana gyara min furuci. Na ce masa a ƙasarmu waɗannan duk sunayen barikin soja ne: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Badun, An da Tamandu da Myohaung a Legas, a Akara kuma hedikwatar sojan Ghana sunanta Sansanin Bama, har yau suna bikin ranar Myohaung. A garinmu Zariya akwai barikin Chindit, sunan dakarun da aka sauke a bayan layin Japan a 1944, cikinsu da bataliya uku ta Nijeriya. Ya yi ta dariyar mamaki yana maimaitawa. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, sau nawa na wuce ƙofar Dalet a Kawo cikin mota ban taɓa tambayar mene ne Dalet ba.

Da yamma ya kai ni wajen wan kakarsa, tsoho mai shekara tamanin da ɗori, yana zaune a kan dandamalin gora ƙarƙashin gidansu. Da ya gan ni ya daɗe yana kallo, sannan ya ja yatsu uku a kumatunsa. Tsaga yake nufi. Ya ce yana yaro suka shigo, a ƙarshen sanyi, kuma mutanen gari sun gudu daji don an ce musu baƙaƙen nan cin mutum suke yi. Bayan kwana biyu yunwa ta fito da yara, sojojin suka riƙa ba su abincin gwangwani da biskit. Ya ce yana tuna wasu suna wanke hannu da ƙafa a rafi su jera suna duban yamma. Na ce masa kakana yana cikinsu. A ƙarshen Janairun 1945 runduna ta 82, ita ma ta Afirka ta Yamma, ta haɗu da ta 81 a garin nan, kakana ya bi tanti-tanti yana tambayar ƙanensa, har ya sami wani saje mutumin Ikara da ya ce masa ya yi haƙuri, sun binne shi a daji sun yi masa salla.

Tsohon ya tambaya ta bakin jikansa, "Me ya kawo su? Japan ta taɓa ƙasarku ne?" Na ce a'a. Na ba shi labarin ramin kuza da kaki. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma mahaifinsa sojan Japan sun kama shi dako, ya tafi da kaya a ka bai dawo ba. Muka yi shiru mu duka. Ya sa aka kawo min shayi ba madara da ɗan rake. Da zan tafi ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Komowa ba wani labari, jirgin ruwa, jirgin sama, Yangon. Ranar ƙarshe na zaga ta bayan shingen tsohuwar sakatariyar Turawa, inda aka harbe Aung San ranar 19 ga Yulin 1947. Bama ta sami 'yanci ranar 4 ga Janairun 1948, shekara uku ba su cika ba da shigar su kakana Myohaung. Ƙasar da aka zubar da jininsu don a maido wa Ingila, Ingila ta sake ta tun kafin tabon da matsattsaku suka bar masa a ƙafa ya baje. A watan da ya biyo baya, ranar 28 ga Fabrairu, tsofaffin sojoji a Akara suka yi maci suna neman haƙƙinsu, aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, kuma daga nan guguwar 'yancin Ghana ta tashi. Kakana bai yi maci ba. An ba shi lambobin yabo da ɗan kuɗin sallama da bai isa sayen shanun noma ba, ya karɓi riƙon Goggo, ya nemi gadi.

Sai da hutun Babbar Salla na zo gida. Na wanke hotunan manya-manya a Kaduna na kai wa Goggo, na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na ce saƙonta ya isa. Na nuna mata ginshiƙin, na nuna mata kogin, sannan na gaya mata gaskiya cewa su uku ne masu sunan, kuma ban iya rabewa ba. Ba ta karatun boko, ta ce in ɗora yatsanta a kan kowanne. Na ɗora, ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa.

Ta ce, "Su sauran biyun, an zo musu?"

Na ce, "Ban ga alama ba, Goggo."

Ta kira jikarta ta ce a jiƙa shinkafa mudu uku, gobe Juma'a za a yi waina a kai masallaci, kowanne mudu ɗaya.